Filin Shawara: An Ce Dukan Miji Gicciyena Ne

 Ni Kirista ce, shekarata shida da aure, yaranmu biyu. Duk ranar da maigidana ya sha ya bugu, sai ya rufe ni da duka. A makon Ista aka haska mana fim ɗin The Passion of the Christ a harabar majami'a, muka sha kuka. Da aka tashi, wata babba a Zumuntar Mata ta ja ni gefe ta ce, "Kin ga azabar da Ubangiji ya sha bai ce uffan ba? Naki gicciyen ke nan, ki ɗauka." Tun ranar, in na yi tunanin tafiya gidanmu sai in ji kamar na ci amanar Yesu. Ina mafita?

Maman Biyu, Kafanchan

'Yata, sannu, Allah ya kawo sauƙi. Na yarda matar nan da kyakkyawar niyya ta yi magana, amma ta ɗora miki kayan da ba naki ba.

Fim ɗin da kuka kalla Mel Gibson ne ya shirya shi a 2004, kuma sa'o'i goma sha biyu na ƙarshe kafin mutuwar Yesu ya ɗauko. Ya haɗa labarin Bishara da ruwayoyin wata sista Bajamushiya, Anne Catherine Emmerich, ya tsawaita wurin bulala har mai kallo ya kau da kai, tashi daga matattu kuwa a gurguje aka nuna shi. Buɗe Markus 15:15, za ki tarar aya ɗaya ce ta ambaci bulalar. Ki nemi fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka gina a kan Bisharar Luka kuma akwai shi da Hausa, ki ga yawan lokacin da ya ba koyarwa da warkar da marasa lafiya. Wanda ya tsaya a kan jini kaɗai zai ɗauka wahalar ce abin nema.

A koyarwar Kirista, abin da ya mai da mutuwar Almasihu hadaya shi ne da yardarsa ya ba da ransa, domin fansar wasu. Yohanna 10:18 ya nuna ba wanda ya ƙwace ran daga hannunsa, Ibraniyawa sura 10 kuma ta ce hadayar sau ɗaya aka miƙa ta, ta wadatar. To, dukan da kike sha wa yake fansa? Mijinki ƙara nutsewa yake cikin zunubi, yaranki kuma suna tashi da tsoro.

Ba kuma kowace cuta Yesu ya yi wa shiru ba. A Nazarat, da suka so jefo shi daga kan dutse, ratsa su ya yi ya tafi abinsa, kamar yadda Luka sura 4 ta nuna. Da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, tambayarsa ya yi dalilin marin. Manzo Bulus ma, a Ayyukan Manzanni sura 22, da aka ɗaure shi za a yi masa bulala, ya tuna musu shi ɗan ƙasar Roma ne, dole aka fasa. In kuma a cikin aure ake neman mai koyi da gicciye, Afisawa 5:25 miji ta ɗora wa nauyin ba da kansa domin matarsa.

Haƙuri da talaucin miji ko jinyarsa sadaukarwa ce mai lada, gama ƙauna ce ta sa aka zaɓe ta. Duka kuwa laifi ne, har Nijeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015. Kin san mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu, wadda ta rasu a Abuja a 2022. Sai bayan ta tafi danginta suka fito da labarin dukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Ga shawarata. A wannan makon ki sanar da iyayenki ko babban wanki. Ki je asibiti a duba ki, a rubuta raunukan, ki adana takardar. Ki sami fasto da dattawan ikilisiya tare da wani naki, ki faɗi komai ba ragi. In ya sake ɗaga miki hannu, kwashe yaranki ki tafi gida, ki kai ƙara wurin 'yan sanda ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Yaji ba saki ba ne. Kina iya yafe masa, ki yi masa addu'a daga gidan ubanki, amma kada ki koma sai ya daina sha, ya amsa laifinsa a gaban dattawan dangi biyu, kin kuma ga sauyin da idonki.

Gwaggonki