Kafin Ku Biya Wa Yaro Kuɗin Kwas ɗin Intanet

Iyaye da yawa na son sanin ko kwasa-kwasan nan masu araha za su sama wa 'ya'yansu aikin kula da rumbun bayanai. Suna taimakawa ƙwarai, amma takardar shaidar kammalawa ita kaɗai ba ta isa a ɗauki mutum aiki ba.

1. A fara da na kyauta. Khan Academy da freeCodeCamp na koyar da SQL ba ko kwabo. SQL shi ne yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. A kamfanin IBM aka ƙirƙiro shi cikin shekarun 1970, kuma har gobe bankuna da shi suke aiki. In yaro ya jure wata guda bai gaji ba, sai a yi maganar kuɗi.

2. Kada ku biya cikakken farashi a Udemy, ragi ake yi a kai a kai. Coursera kuma na ba masu ƙaramin ƙarfi tallafi idan sun cike fom.

3. Nan ne gizo ke saƙar. Ku sa yaron ya sauke manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL ko MySQL, duka kyauta ne, ya ɗauki littafin bashin shagon gida ya mayar da shi rumbun bayanai: wane kaya ya shigo, wane ya fita, wa ake bi, tun yaushe. A wurin ganawar neman aiki irin abin da ake tambaya ke nan. Za a ba shi teburan bayanai biyu a ce ya haɗa su ya fito da amsa nan take. Wanda bidiyo kawai ya kalla, a nan yake daskarewa. Yaron ya ɗora aikin nasa a shafin intanet na GitHub, amma ya sauya sunayen masu bashin tukuna, amana ce.

4. Waya ba za ta yi ba. Sai da kwamfuta, ko da ta hannu ce.

5. Ku rage buri kaɗan. Da wuya a miƙa wa sabon hannu rumbun bayanan kamfani. Yawanci da shigar da bayanai da haɗa rahoto a Excel ake farawa, a makaranta ko asibiti ko ƙungiyar agaji, kuma shekarar bautar ƙasa dama ce ta shiga irin wuraren.

6. Jarrabawar da ake sa ido a kanta, kamar DP-900 ta Microsoft, ta fi takardar kammala kwas nauyi. Duk wanda ya ce ku biya shi kuɗi aiki tabbas ne, ku guje shi. Shirin 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023 kyauta yake horarwa, a gwada neman gurbi.