Darasi: Yadda Za Mu Ji Maganar Wanda Harshensa Ya Yi Nauyi

Ya ku ɗalibai, ku sani rashin furuci ba rashin hankali ba ne. Wani haka aka haife shi, wani kuma shanyewar ɓarin jiki ce ta riƙe masa harshe. Maganar tana nan a zuciyarsa, hanyar fita ta rasa.

Ishara ma magana ce. A Suratu Ali Imrana, aya ta 41, an sanya wa Annabi Zakariyya (AS) alamar yin kwana uku ba ya zance da mutane sai da nuni. Malaman fiƙihu kuwa sun zartar da cinikin bebe da aurensa muddin ana gane ishararsa.

Ga hanyoyi uku:

1. Maganar hannu, irin wadda kurame ke yi.

2. Allon hotuna. A sami kwali a zana ruwa, tuwo, buta, bayi, magani, da alamar "i" da "a'a". Sai ya nuna da yatsa, in hannun ba ya motsi ya nuna da ido.

3. Rubutu a allo ko a waya. Akwai manhajojin da ke furta abin da aka rubuta.

Iyaye, kada ku ji tsoro, allon hotuna ba ya hana yaro koyon magana. Ku kuma ɗalibai, tambaya ɗaya tak za ku yi masa, ku jira amsa. Kada ku ƙarasa masa zance, kada ku yi dariya.

Allah Ya sa mu dace, amin.