Gyaran yankan nafkin ɗin jariri: aikin yana wajen cinya

Idan nafkin ɗin da aka ɗinka a gida ya fara yoyo, abin da akasarin iyaye mata ke yi shi ne ƙara masa tawul. A Jos wannan dabara tana wahalar da mai ita. Gari ne da ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa na sauka tun Afrilu har Oktoba, a Agusta kuwa tufa mai kauri sai ta kwana a igiya ba ta bushe ba. Yawancin yoyo daga yanka yake, saboda haka takardar yanka ya kamata a gyara, a bar nafkin sakayau da tawul ɗin ciki wanda ake zarewa a shanya daban.

A fara wanke yadin, domin sabon auduga yana tsukewa. Tawul da zanen gado na gwanjon Katako sun riga sun sha wanki, shi ya sa masu ɗinkin gida a Gangare da Anguwar Rogo ba sa raina su. Awo uku ake ɗauka, kuma a kan tawul ɗin ciki ake ɗaukarsu: ƙugu, kewayen cinya daidai matsematsi, da tsawo daga ƙasan cibiya ta tsakanin ƙafafu zuwa ƙugun baya. A ninka takarda biyu kafin a sa almakashi don gefe da gefe su zo ɗaya. In tsawo ya gaza, a raba takardar a inda ta fi siranta, a liƙa ƙari a tsakani. Wadda ta ƙara a baki za ta tarar lanƙwasar cinya ta bar mazauninta.

Wannan lanƙwasa ita ce ke nuna gwana. Jariri mai siraran ƙafafu yana buƙatar a rage zurfinta, mai ƙiba kuma a ƙara, amma kada gyara ɗaya ya wuce rabin inci, domin rabin inci a ninkakkiyar takarda inci guda ne a faɗin tsakiya. Roba kuwa a yanka ta kamar kashi biyu cikin uku na tsawon wurin da za ta zauna, ta ɗan fi hawa ta baya, tun da can ne kashin mai shan nono ke neman hanya. Baƙin keken Butterfly da ke gidaje da yawa ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, don haka a yi wa robar gida, a zura ta da fil, a kafe bakinta ɗaya, a gwada a jikin yaro kafin a kafe ɗayan. A ɗaga ƙafafunsa sama: in an hango ƙofa, roba ta yi sako, in ɗan yatsa ya kasa shiga, ko ta bar jan shati, ta matse. Matan da suka raini yara da yawa da yatsa suke gane wannan, abin sha'awa ne a ga hannunsu na aiki.

Za a ce yaro na girma, gyaran yau ba zai kai wata biyu ba. Gaskiya ne, amma maɓallai jeri biyu a gaba suna bin girman ƙugu, takardar da aka riga aka daidaita kuma tsaga ɗaya ake yi mata ta ƙaru. Za a kuma ce famfas ya fi sauƙi. Ya fi, musamman a tafiya da daren sanyin Disamba, ba laifi a ajiye kaɗan. Sai dai tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 gidaje da yawa ɗaiɗai suke sayensa a shago, har a bar yaro cikin guda ɗaya tsawon yini, fata ta saɓule. Nafkin da suka zauna daidai a cinya suna ba da dama a canza wa yaro duk lokacin da ya jiƙe, kuma ƙanensa zai gaje su in an sabunta robar.