Ciwon Dajin Hanta: Daga Ɗakin Haihuwa Zuwa Rumbu

Mu da muke duba marasa lafiya a asibitocin arewacin Zamfara mun san wannan siffa: magidanci wanda bai cika hamsin ba, ya rame, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama kuma ya yi tauri. Kafin a kawo shi an sha jiƙe-jiƙen shawara, wani lokaci an ce sammu ne. In aka tura shi Gusau ko Sakkwato, hoto yakan nuna dajin hanta da ya ci ƙarfin magani. Abin da nake son a gane shi ne, yawancin wannan ciwo ba a shekarar da ya kwantar da mutum ya faro ba. Tushensa yana cikin kwanakin farko na rayuwa, da kuma abin da muke ajiyewa a rumbu.

Tushe na farko ƙwayar cutar hanta ce nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya suna ɗauke da ita, galibinsu ba su sani ba. Babba in ya kamu, jikinsa yakan kore ta, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunewa a jikinsu. Jariri kuwa in ya ɗauka wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 za su rayu da ita, tana cin hanta a ɓoye shekara talatin ko arba'in. Ta jini take bi, daga uwa zuwa ɗa, da kuma kayan yanka da ba a tafasa ba. A dubi ranar suna: wanzami ya zo da zabira, ya yi aski, ya cire beli, wataƙila da kayan da ya yi aiki da su a wani gida da safe, alhali jaririn bai ga allurar rigakafin ƙwayar B da ya kamata a yi masa cikin awa 24 na farko ba.

Na biyu dafin fumfuna ne da ake kira aflatoksin, wanda ke fitowa a gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba. Ƙasarmu ta gyaɗa ce, don ita da auduga aka jawo layin dogo har Ƙauran Namoda a 1929. Mai kyau takan tafi kasuwar Shinkafi ta yi kuɗi, wadda ta motse, ta yi baƙi, take ɗaci a baki, ita ake saidawa da araha ta ƙare a ƙuli-ƙuli da miyar gida. Suya ba ta kashe wannan dafi, tafasa ma haka. Kuma in ya haɗu da ƙwayar B, ba tarawa haɗarin yake yi ba, ninkuwa yake: wani bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin ya gano ya kai kusan ninki 60.

Za a ce kakanninmu sun ci gyaɗa, wanzami ya yi musu aiki, suka kuma tsufa. Waɗanda suka tsufa su muka gani. Wanda ya rasu da kumburin ciki yana ɗan arba'in babu wanda ya yi masa hoto, an dai ce ajali. Ajali gaskiya ne, amma bai taɓa hana mu haƙa rijiya nesa da masai ba. Masu shakkar allura kuma su duba Taiwan, wadda ta fara yi wa jarirai a 1984, dajin hanta ya ragu ƙwarai a cikin yaranta. Gambiya, ƙasar Musulmi masu noman gyaɗa irinmu, ta fara a 1986. Najeriya ta shigar da ita jadawalin rigakafi a 2004, kyauta.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi yawancin haihuwa a gida ake yi, hanya ba ta biyuwa da dare, manomi kuma yakan kwashe amfanin gona a gaggauce tun bai bushe ba don gudun 'yan bindiga. Wannan ba na musunsa, kuma nauyin kai allura ƙauye a kan hukuma yake. Sai dai wanda ya rasa ranar farko bai rasa duka ba, a kai jariri da zarar hanya ta samu, a cika na sati 6, 10 da 14. Mai ciki ta nemi gwaji a wajen awo, domin akwai magani, Tenofovir, da ke danne ƙwayar ya rage yiwuwar ta ba ɗanta. A ɓangaren rumbu, wani gwaji a ƙauyukan ƙasar Gini da aka wallafa a 2005 ya nuna shanya gyaɗa a kan tabarma, tsince ta da hannu, da ɗora buhu a kan katako sun rage dafin a jinin mutane da fiye da rabi. Lalatacciyar da aka tsince kuma binne ta za a yi, domin in aka zuba wa saniya, wani kaso na dafin yakan fito a nono.