Yaushe Za Ka Wanke Matatar Yashi Ta Ban-Ruwa?

Manomin rani, idan kana shayar da tumatir ko tattasai da tiyo mai ɗiga ruwa a gindin shuka, ka san ƙofofin tiyon nan ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya tana iya toshe su. Ruwan rafi da na kududdufi a ƙasar Dandume kuwa, har da na dam irin na Mairuwa kusa da Funtuwa, ba ya rabuwa da laka da gansakuka. Shi ya sa ake bi da shi ta cikin matata, wato duro mai tsakuwa a ƙasa da yashi a sama. Ruwa ya shiga ta sama, yashi ya riƙe dattin, mai kyau ya fita ta ƙasa zuwa gona. Irin wannan ce manyan otal suke tace ruwan tafkin wankansu da ita.

Amma yashin yakan ƙoshi da datti. In ya ƙoshi sai ruwa ya ragu, kuma shukar da ke ƙarshen layi ita ce farkon shan wahala. In abin ya zo lokacin fure, furen zai zube, ka yi asarar kwanduna.

Kada ka tsai da ranar wanki, ka ce kowace Juma'a. Ruwan Disamba daban, na Maris da Afrilu daban. Da zafi ya shigo ruwa yakan ja baya, shanu su dama shi, gansakuka ta yi yawa. Matatar da take kwana goma lafiya da sanyi tana iya toshewa cikin kwana biyu da bazara. Awo ne zai gaya maka.

Ga yadda za ka yi. Ranar da yashin yake da tsabta, tara jarka mai lita 20 a bakin da ruwa ke fita daga matata. Duba agogo ka ga lokacin da ta ɗauka kafin ta cika. Rubuta shi a jikin duron da gawayi ko fenti. Kowace safiya ka sake awon, amma da sharaɗi: gudun inji ya zama iri ɗaya, in kuma tanki ne, ya kasance cike. A misali, jarkar da ta cika a minti ɗaya ran farko, in ta kai minti ɗaya da rabi, to wanki ya yi, har ya so wucewa. Wanda matatarsa ke da agogon auna ƙarfin ruwa a mashiga da mafita, bambancin rabin ba, wato 0.5, shi ne alama.

Wankin kansa ba wuya. Rufe famfon da ke kai ruwa gona tukuna. Wannan shi ne babba, don in ka manta, duk dattin cikin tiyo zai tafi. Buɗe famfon zubarwa na sama, sannan ka juya ruwa ya shigo ta ƙasa ya haura. Yashi zai motsa kamar tafasar tukunya, laka ta fito. Ka tara tafin hannu kana dubawa. Da ruwan ya washe, yawanci cikin minti biyu zuwa uku, ka tsaya. In ka ji yashi a hannunka, ƙarfin ya yi yawa, rage shi. Bayan nan mai da ruwa hanyarsa ta da, ka zubar da na farko a ƙasa kamar rabin minti kafin ka buɗe wa gona.

Wasu sukan wanke kullum wai don tsabta. Ɓarnar fetur ce da ruwa. Yashin da ya ɗan kama datti ma ya fi sabon wanki tacewa.

Wata alama da ya kamata ka lura da ita: in jarka ta cika da sauri fiye da ran farko, ruwan kuma gurɓatacce, kada ka yi murna. Laka ce ta dunƙule yashin, ruwa ya huda wa kansa hanya ta gefe. Kashe inji, buɗe murfi, ka farfasa dunƙulen da hannu, ka cika yashi in ya ragu. Yashin rafi mai ɗan kauri za ka samo, ka tankaɗe, ka wanke shi sarai kafin ka zuba. In bayan haka awon bai koma daidai ba, nemi malamin gona na yankinku ya duba maka.