Zabiya da rana: darasi a kan sutura

A ƙasar Damargu, daga Tanut har Belbeji, rana ba ta wasa. Manomi ya sani, makiyayi ya sani. Amma wanda ta fi cuta shi ne zabiya.

Zabiya mutum ne da aka haifa babu sinadarin da ke sa fata baƙi. Likitoci na kiran sinadarin melanin. Abin gado ne daga uwa da uba duka biyu, ko da su biyun baƙaƙe ne. Ba maita ba ce, ba aikin aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Ba a ɗaukarsa wajen cin tuwo a akushi ɗaya.

Duk da haka akwai gidajen da ke ɓoye irin wannan yaro a ɗaki don kunya.

A ƙasar Mali, ƙauyen Joliba, an haifi wani zabiya a 1949. Sunansa Salif Keita. Ya sha tsangwama tun yana ƙarami. Ya so ya zama malamin lakkol, aka hana shi saboda raunin ido. Sai ya kama waƙa a Bamako. Yau duniya ta san muryarsa. A 2009 ya fitar da faifai mai suna La Différence, wato bambanci, don kare zabaya.

Wasu kuma da kwalliya suka yi yaƙin. A 2016, a Nairobi ta ƙasar Kenya, an shirya gasar ado ta zabaya, maza da mata, suka fito gaban jama'a ana tafa musu. Tun 2015, duniya na tunawa da su kowace ranar 13 ga Yuni.

Damargu ba ta buƙatar aron kaya daga nesa. Malfa mai faɗin baki tana kasuwa. Rawani irin na Buzaye yana rufe wuya da kunnuwa, wuraren da rana ta fi ƙonawa. Tela ya iya ɗinka riga mai dogon hannu, ya sa mata aiki a wuya, ta yi kyau. Yadin ya kasance mai kauri, don shara-shara rana na ratsa shi. Wannan sutura ado ce, kuma kariya ce, domin ƙunar rana ta shekara da shekaru ita ke kawo wa zabiya sankarar fata. Yaron da ya fito da ita ranar salla, an fi kallon rigarsa da fatarsa.

In an je gona, a ba shi aikin safe da na marece, da tsakar rana ya zauna inuwa. A lakkol ko wajen yaƙi da jahilci, a zaunar da shi gaba, kusa da allo. Ƙurjin da ya ƙi warkewa a fatarsa, kar a tsaya shafe-shafe a gida. A kai shi asibiti tun yana ƙarami.