Yadda A Ke Gane Ƙananan Kwaɗi A Fadamar Argungu

Idan damina ta sauka, gulbi ya cika fadamar Argungu, da magariba sai ka ji kukan kwaɗi ko'ina. Yaro ya kan ce duk ƙaramin kwaɗo ɗan burduddugi ne. Ba haka ba ne. Waɗansu ko sun tsufa ba su wuce inci ɗaya da kaɗan ba. To, malami, ka kai yaranka bakin Matan Fada, su duba abu uku.

Na fari, fata. In ta yi kaushi da ƙuraje, kuma yana tafiya da ɗan gajeren tsalle, wannan kwaɗon gida ne. Bayan idanunsa akwai kumburi mai dafi, saboda haka wanda ya taɓa shi ya wanke hannu.

Na biyu, yatsu. In kan yatsunsa ya yi faɗi kamar maɓalli, na ciyawa ne, da su ya ke manne wa ganye. Da rani ya kan koma fari fat, don kada zafin rana ya busar da shi.

Na uku, baki. Mai tsinin baki da dogayen ƙafafu da layuka a gadon baya, gwanin tsalle ne. Mai ƙaton ciki da gajerun ƙafafu kuwa, da kai ya ke haƙa rami ya ɓuya.

In an gama dubawa, a mai da kowane inda aka kamo shi, gama ƙwarin da ke ɓata shinkafa su ne abincinsu.